Ƙaro a Ƙarfen Taya

A rumfar mai faci ta kasuwar Dakoro, wani tsoho ya tsura wa keken wani saurayi ido.

"Samari, birkinka ba ya ci. Mu a zamaninmu ƙaro muke shafa wa ƙarfen taya. Da shi na hau bakin rijiyar Kornaka da keke, na tsaya kan tayar baya."

"Kai ne, Baba? Kakata Hadizatu har gobe tana labarin mahaukacin nan!"

Tsohon ya gyara hula. "Hadizatu mai wushirya? Ai don ita na hau. Ta ce na burge?"

"Ta ce rufe ido ta yi, har sai da ta ji guɗa."

Tsohon ya sauke kai.

"Shekara hamsin ina zaton ta gani."