Ƙwallo a Cikin Malfa

Ina bencin 'yan kallo a wani filin besbol na Ohio a Amurka, wasan da wani ke jefa ƙwallo wani ya buga da sanda, shekarar 1912, sai aka bugo ƙwallo ta faɗo cikinmu. Wani mai gashin baki ya cafe, ya ɓoye a malfarsa. Wasa ya tsaya ana jiran a mayar. Matar da ke gefensa ta zungure shi.

"Bawan Allah, na gan ka. Mayar musu."

"Su ɗauko sabuwa mana, baiwar Allah. Wannan ta yi baƙi kamar gindin tukunya."

"Ai baƙin ake so. Mai jifan can, Orval, mijina ne. Tun ɗazu yake tauna taba yana tofa mata, don kada mai sanda ya hango ta. In aka ba mijina fara, za su yi ta zabga ta, gobe a sallame shi."

"Wato yawun mijinki ne ke gangaro mini a ƙeya?"

"Wanka zai fitar. Miƙo."

Ya kai hannu kamar zai cire malfar, sai ya ƙara danna ta.

"Na gode da bayani. Mai sandar can, Lemuel, ƙanena ne. Sati uku yana dukan iska, har mun fara nema masa tabarau."