Robar Kan Shaf

A bencin gareji, malamin makaranta ya kasa ɗauke ido daga motar mutumin da ke gefensa. Irin tasa ce sak, har ta fi tsufa.

"Malam, taka ba ta ƙwas-ƙwas in ka sha kwana?"

"Ko kaɗan. Duk wata nake leƙa robar kan shaf, ƙarfen da ke juya tayar gaba. Da ta tsage sai in canza, a cusa giris kafin ƙasa ta cinye ƙarfen."

"Wa ya koya maka?"

"Bakaniken nan mana."

Malamin ya harari ƙafafun bakaniken da ke ƙarƙashin motarsa.

"Shekara tara nake zuwa wurinsa. Shaf na uku ke nan nake canzawa. Kai ɗan'uwansa ne?"

"A'a. Tambayarsa kawai na yi."