Kafin 1800

A bencin ƙofar ofishin sashen adabin Ingilishi, a wata jami'a a Leeds, na zauna kusa da wani saurayi da wata budurwa da ba su san juna ba.

"Wai ba zan kammala bana ba," in ji saurayin, yana kaɗa takarda. "Wai ban yi kwas ɗin dole ba, adabin kafin 1800. Alhali wata uku na yi ina fama da sarakuna da takubba!"

"Wane kwas ka ɗauka?" in ji budurwar.

"Labaran tarihi. Duk kafin 1800 suka faru."

"Yaushe aka rubuta su?"

"Ina ruwan wani da wannan?"

"Ai shi kaɗai ya dame su, malam. Shekarar rubutu suke dubawa, ba shekarar takobi ba."

"Aiki na jirana a Satumba! In na yi musu bayani za su ɗaga mini ƙafa."

"Ba za su ɗaga ba."

"Ke ma'aikaciyarsu ce, da kike yanke hukunci?"

Ta gyara jakarta a cinya. "Karatun nan shekara uku ne, ko? To, ni ina shekara ta huɗu. Sarakunan nan naka, bara ni ma su na karanta."