Katun ɗin da Jikata Ta Bar Mini

Assalamu alaikum, Malama mai gabatarwa. Malam Idi ne, tsohon malamin firamare daga Fammar. Yau Asabar, ƙafafuna sun kumbura, ko masallaci ban je ba.

Jikata Hadiza ta tura mini katun ɗin Japan a waya, labarin wani tsoho manomin shinkafa. Na ce wannan ai na yara ne. Ta ce, "Angona, kalla tukuna, sannan ka yi gardama."

Na kai rabi har da ƙwalla. Amma Turancin da ake rubutawa a ƙasan hoton yana gudu, idona ba ya kama shi, ban san yadda tsohon ya ƙare ba. Masu sauraro, yaya zan yi?

Ta ce za ta zo jiya daga Kano ta karanta mini. Na shimfiɗa mata tabarma tun hantsi. Ba ta zo ba.