Yadda Na Koma Ɗinkin Homa Bayan Aikin Ido

Assalamu alaikum Malama mai gabatar da shiri, sannunki da aiki. Sunana Garba, tsohon masunci daga Argungu.

Shekara uku yana ta rufe mini idon dama, na hagu ma ya fara dushewa. Jirgi zai taho bisa ruwa, ba na gane mai tuƙi sai ya yi magana. Ɗinkin homar kamun kifi, wanda da shi nake ciyar da iyali, dole na ajiye shi.

Ɗiyata Hauwa ta kai ni asibiti a Birnin Kebbi. Likita ya ce za a cire yanar, a sa mini ɗan gilashi cikin ido, irin mai nuna nesa da kuma abin da ke gaban hannu. Ya ce, "Baba, ƙananan rubutu dai sai da tabarau."

Na ji tsoro, amma na yarda. Washegari da aka cire bandeji na dubi Hauwa, na ce, "Ashe haka kika rame?" Ta yi dariya ta ce, "Kai ka ramar da ni, Baba."

Yanzu wata biyu ke nan. Na koma ɗinkina, kuma ina gane mutum tun yana ƙetaren gulbi. Karatun Alƙur'ani ne nake sa tabarau, sannan da magariba fitilar mota na yi mini zobe. Waɗanda aka yi wa irin wannan aiki, zoben nan yana ɓacewa? Ina son sani kafin a yi na hagu.

Ina gaida aminina Malam Sani na Zauro, mai irin ciwona. Sani, ka daina tsoro, ka shirya, ni zan raka ka.