Karkatattun Layukan Uzairu

A tashar Azare, motar Dambam ba ta cika ba. Wata matashiya na zaune a benci da kwamfuta a cinya, wani mutum mai tabarau yana leƙen abin da take yi.

"Malama, manhaja kike rubutawa? Layukan nan ai kamar akuya ta bi ta kansu."

"Tana dai aiki. Da ita muke tura wa makiyaya saƙon rigakafin shanu."

"Aiki daban, tsari daban. Akwai wata 'yar manhaja mai daidaita layuka. Ba sai kin fita daga inda kike rubutu ba, daga nan za ki kira ta. Kawo ki gani."

Ta miƙa masa.

"Ga ta ma a kwamfutarki, ba a taɓa amfani da ita ba. Kin gani? Dannawa ɗaya, kowane layi ya shiga sahu."

"Ina karkatattun?"

"Sun miƙe."

"Mayar min da su."

"Ai ba sa komawa, ta riga ta sake rubuta fayil ɗin gaba ɗaya. Amma ba abin da ya lalace."

"Miƙaƙƙun nawa ne. Karkatattun na yayana Uzairu ne, shi ya fara rubuta manhajar. Ko gyara zan yi, kewaye su nake."

"To, ki ce ya sake karkatar da su mana."

"Bara ya rasu."

"Innalillahi. Allah ya jiƙansa. Ba ki da wani kwafi?"

Ta karɓi kwamfutar, ta duba har ƙasa, ta dawo sama.

"Amin. Babu wani kwafi. Ya yi kyau, Malam. Yanzu kamar ni kaɗai na rubuta."