Hannun da Ya Tashi Ranar Alhamis

A tashar Tsibiri cikin Maradi, shekara ta biyu ba damina, Kalibu manomi na zaune da buhunsa wayam, rediyon mai shayi na karanta kasafin kuɗin da sojoji suka yanke. Ya juya ga wani dattijo mai koɗaɗɗiyar babbar riga.

"Ka ji, Baba? Ko sunan hatsi babu. Da ba su rushe majalisa ba, da wakilinmu ya miƙe ya ce a rage na motoci, a cika rumbun tsimi."

"Doka ta ba 'yan majalisar ikon. Amma ko shafi guda ba su karantawa. Da an ce wa ya yarda, sai hannuwa su tashi."

"Haba! Har shekarar da aka soke kuɗin rijiyoyinmu?"

"Har ita. Ranar Alhamis ce, ana saurin fita cin abinci."

Kalibu ya ƙura masa ido. "Kai ya aka yi ka san ranar?"

Dattijon ya cusa hannun damansa cikin riga.

"Ruwan tabki ya kashe ɗiyata Dinatu," in ji Kalibu. "Fiddo hannun, Baba, in gan shi."